Blackburn Olympic: masaƙan da suka ɗauke Kofin FA a 1883, bashi ya rufe ƙungiyarsu a 1889

Ranar Asabar, 31 ga Maris 1883, mutum kusan 8,000 suka taru a filin Kennington Oval da ke Landan domin kallon wasan ƙarshe na Kofin FA. A ɓangare guda akwai Old Etonians, tsofaffin ɗaliban makarantar Eton, inda 'ya'yan sarauta da na manyan attajiran Ingila ke karatu. Su ke riƙe da kofin, kuma kyaftin ɗinsu Arthur Kinnaird, ɗan gidan masu banki kuma magajin sarautar gidansu, karo na tara ke nan yana buga wasan ƙarshe. A ɗaya ɓangaren kuwa Blackburn Olympic ce: masaƙa uku, da mai kaɗin zare, da wani mai aiki da injin auduga, da ma'aikacin gidan narka ƙarfe, da mai haɗa firam ɗin hoto, da akawu, da mai mashaya. Mai tsaron ragarsu yaron likitan haƙori ne, kyaftin ɗinsu Albert Warburton kuma mai gyaran famfo.

Da aka tashi, Olympic na da ci biyu, Etonians ɗaya. Karo na farko ke nan da kofin ya bar hannun 'yan gatan kudu ya tafi arewacin Ingila, wurin mutanen da sai sun yi gumi suke ci. Bayan shekara shida da rabi, a Satumban 1889, ƙungiyar ta rufe saboda bashi. Abin da ya fi riƙe hankalina a wannan lamari shi ne cutar da ta kashe Olympic daga nasararta ta samo asali. Ita ta nuna wa kowa cewa idan aka ɗauke wa ma'aikaci nauyin cikinsa ya mai da hankali ga ƙwallo, zai kayar da ɗan gata. Da kowa ya gane haka sai ƙwallo ta zama sana'a mai farashi, farashin kuma ya fi ƙarfin aljihunta.

Ƙanwa a gari

Blackburn gari ne a gundumar Lancashire, arewa maso yammacin Ingila, tafiyar fiye da kilomita 300 daga Landan. A ƙidayar 1881 mutanensa sun ɗan haura 100,000, kuma yawancinsu da masaƙu suka dogara. Yadin da suke saƙawa, kaso mai yawa Indiya ake kai shi. Dokar masana'antu ta 1850 ta sa masaƙu tashi da ƙarfe biyu na rana kowace Asabar, wannan rabin yini kuwa shi ya haifi ƙwallon 'yan kallo. Ma'aikaci ya karɓi ladan mako, ya fito, ga 'yan canji a aljihu, ga sauran rana a gaba. Nan da nan ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa, na unguwa, na coci, na mashaya, na wurin aiki.

Blackburn Rovers ce ta riga kafuwa, a 1875, a hannun John Lewis da Arthur Constantine, samari 'yan boko daga gidajen masu hali. Ita ce Rovers ɗin da har yau take nan, wadda ta ci gasar Firimiya a 1995, wadda kuma Yakubu Aiyegbeni ya buga wa a kakar 2011 zuwa 2012. Olympic sai a farkon 1878 ta samu, bayan wasu ƙananan ƙungiyoyi biyu, Black Star da James Street, sun haɗe. Ma'ajinta James Edmondson ne ya raɗa mata suna. Ta ci wasanta na farko biyu da nema a kan St John's, ta ɗan yi yawo daga wannan fili zuwa wancan, sannan a 1879 ta zauna a wani fili da ke kan tudun Shear Brow. Ana kiransa Hole-i'-th'-Wall, wato rami a jikin bango, sunan mashayar da ke maƙwabtaka da shi. Fili ne mai gangare, in ruwa ya sauka ya caɓe.

Ka ga tun ranar suna Olympic ƙanwa ce a gari. Rovers ta girme ta da shekara uku, ta fi ta shiga cikin masu kuɗi, a 1881 ta koma babban fili a Leamington Street, ta kuma fara tara 'yan Sikotlan. Fitacce a cikinsu shi ne Fergus Suter, mai sassaƙa dutse daga Glasgow, wanda ya zo ƙungiyar Darwen, maƙwabciyar Blackburn, a 1878 ya tsallaka Rovers a 1880, alhali kowa a yankin ya san ba da sassaƙar dutse yake ci ba. A 1882 Rovers ta zama ƙungiyar arewa ta farko da ta kai wasan ƙarshe na Kofin FA, Old Etonians suka doke ta da ci ɗaya mai ban haushi.

Ita kuwa Olympic ƙananan kofunan cikin gari take ci. Da ta fara shiga Kofin FA a 1880, Sheffield ta fitar da ita a zagayen farko da ci 5 da 4. Shekara ta kewayo, Darwen ta sake yi mata haka. Ba wanda ke lissafi da ita.

Mai basira da mai kuɗi

Mutum biyu suka sauya lamarin. Na farko Jack Hunter, ɗan wasan tsakiya daga Sheffield wanda ya buga wa Ingila sau bakwai. A garinsu ya shiga wata ƙungiya da ake kira Zulus, wadda aka kafa a 1879 domin tara wa iyalan sojojin da suka mutu a yaƙin Zulu kuɗi. Da ta bayyana cewa 'yan wasan na raba wani abu daga kuɗin shiga, hukumar ƙwallon Sheffield ta sa musu takunkumi. Hunter ya tattara ya koma Blackburn, aka ba shi mashaya yana riƙewa, ya zama ɗan wasa kuma koci a Olympic. George Wilson, wanda aka rubuta a matsayin akawu, shi ma daga Sheffield ya zo.

Na biyu shi ne Sydney Yates, mai masana'antar narka ƙarfe a garin, wanda ya zame wa ƙungiyar uban gida. Hunter ya kawo dabara, Yates ya kawo abin da ke sa dabara tafiya.

Dabarar Hunter ta saɓa wa salon 'yan makarantun gata. Su a wajensu ƙwallo nuna jarumta ce: mutum ya ɗauki ƙwallo ya yi ta yanka, abokansa na biye da shi a dunƙule, ana bangaje duk wanda ya tare hanya. Salon ya dace da su, domin ƙosassu ne, sun fi ma'aikatan masaƙa tsawo da nauyi. Hunter ya koya wa mutanensa su baje a fili, su riƙa miƙa wa juna, su cilla doguwar ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan, ƙato ya yi ta bin ta har numfashi ya ƙare masa.

A kakar 1882 zuwa 1883 abin ya kama. Sun ci Accrington 6 da 3, suka zuba wa Lower Darwen takwas, Darwen Ramblers ma takwas, suka fitar da Church, suka doke Druids ta ƙasar Wales da ci 4 da 1. A wasan kusa da na ƙarshe, a Whalley Range da ke Manchester, suka gamu da Old Carthusians, zakarun 1881, suka lallasa su huɗu da nema. Daga nan ne 'yan kudu suka fara tambaya, su wane ne waɗannan?

Kafin a je Landan, Hunter ya yi abin da ba a taɓa ji ba. Ya kwashi 'yan wasan ya kai su Blackpool, garin shaƙatawa a bakin teku, suka yi kwanaki a sansanin horo, Yates na cikin masu ɗaukar nauyi. Suna tashi da asuba su sha ɗanyen ƙwai, su yi doguwar tafiya a kan rairayi, su ci kifi da naman rago, su yi atisaye, su kwanta da wuri. A yau wannan ba labari ba ne, amma a duba halin mutanen. Ma'aikacin masaƙa a lokacin yana yin sa'a 56 da rabi a mako, a tsaye, cikin zafi da ƙurar auduga da ƙarar da ke toshe kunne. Ranar Asabar daga bakin inji yake wucewa fili. Kwanakin Blackpool su ne karon farko da jikin irin wannan mutum ya samu hutu da ƙoshi a lokaci guda, ya shiga fili daidai da ɗan Eton wanda bai taɓa sanin wata rayuwa ba sai ta hutu da ƙoshi.

A wasan, Harry Goodhart ya fara ci wa Etonians kafin hutun rabin lokaci. Bayan an dawo Arthur Matthews, mai firam ɗin hoto, ya farke. Arthur Dunn na Etonians ya ji rauni ya fita, kuma a zamanin ba a canjin ɗan wasa, don haka suka ci gaba da mutum goma. Aka tafi ƙarin lokaci na minti 30. A nan amfanin Blackpool ya fito fili: 'yan gata sun galabaita, masaƙa na nan da ƙarfinsu. Jimmy Costley, mai kaɗin zare, ya zura ta biyu.

Blackburn ta fito ƙwai da ƙwarƙwata ta tarbe su, da 'yan badujala da keken doki. An ruwaito cewa wani daga cikin taron ya ɗaga murya ya ce wannan ne kofin, ai kamar butar shayi yake. Warburton ya amsa masa cewa Lancashire na maraba da shi, zai samu gida nagari, kuma ba zai sake komawa Landan ba. Maganar ta tabbata fiye da yadda ya zata. Wannan ainihin kofin an sace shi a 1895 daga tagar wani shago a Birmingham, lokacin yana hannun Aston Villa, ba a sake ganinsa ba. Sai a 1901 wata ƙungiyar Landan, Tottenham Hotspur, ta ci gasar, kofin da ta ɗaga kuma sabo ne.

Wa ya biya ladan kwanakin Blackpool?

Wannan ita ce tambayar da 'yan kudu suka riƙe. Dokar Hukumar FA ta hana biyan ɗan wasa albashi. Masaƙin da ranar da bai je aiki ba ba shi da ko kwabo, ta yaya ya bar inji ya tafi bakin teku, iyalinsa kuma suka ci abinci? Me ya ɗauko Hunter da Wilson daga Sheffield in ba ƙwallo ba? An yi ta surutu a jaridu, ba a dai hukunta Olympic ba. Amma asirin Lancashire ya riga ya tonu. Kowa ya san ana biya ta bayan fage, ana ba ɗan wasa aikin suna a masaƙa, ko a ba shi mashaya ya riƙe.

Ƙurjin ya fashe a Janairun 1884. Upton Park ta Landan ta yi kunnen doki da Preston North End a Kofin FA, ta kai ƙara cewa 'yan wasan Preston na albashi ne. Shugaban Preston, William Sudell, manajan masaƙa, bai tsaya musu ba. Ya amsa cewa yana samar wa 'yan wasansa abin yi, kuma haka kowa ke yi a yankin. Aka kori Preston daga gasar. Zuwa Oktoban shekarar, ƙungiyoyin arewa da dama suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar. A Yulin 1885 Hukumar FA ta sauko, ta halatta biyan albashi, da sharaɗin ɗan wasan haifaffen yankin ne ko ya yi shekara biyu zaune cikin mil shida daga filin ƙungiyar.

Wannan nasara ce ga ɗan wasa talaka, kuma ina ganin daidai aka yi, domin mutumin da dubban jama'a ke biya su kalle shi bai kamata a ce ya tafi gida hannu rabbana ba. Sai dai ga ƙaramar ƙungiya irin Olympic, sirrin da ake yi a da wani irin rufin asiri ne. Muddin biya a ɓoye yake, akwai iyakar abin da mai kuɗi zai iya miƙawa ba tare da an gan shi ba. Da aka halatta, sai ya zama ciniki a tsakiyar kasuwa, wanda ya fi tayi shi ke tafiya da kaya. Kayan da suka fi ɗaukar ido a kasuwar kuwa su ne mutanen da suka ɗaga kofi a Oval.

A fili ma sa'a ta fara juya baya. A 1884 Olympic ta sake kaiwa wasan kusa da na ƙarshe, Rovers ma haka, har gari ya fara mafarkin a je Landan a yi ta gida da gida. Queen's Park ta Glasgow ta zuba wa Olympic huɗu a Nottingham. Olympic ta kai ƙara cewa 'yan kallo sun yi ta kutsowa cikin fili, aka yi watsi da ƙarar. Rovers ta je ta doke Queen's Park ta ɗauki kofin, ta sake ɗauka a 1885, ta kuma ɗauka a 1886. Sau uku a jere. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Olympic ta share hanya, yayarta ta bi ta kai da kaya. A kakar da ta biyo bayan Nottingham, Rovers ce da kanta ta fitar da Olympic tun a zagaye na biyu. A cikin 1884 ɗin kuma guguwa ta kayar da rumfar 'yan kallon da aka gina a 1881, dole aka sake gina wata, wadda ta fi ta girma da tsada.

Lissafin ƙofa

Ƙungiyar ƙwallo a wancan zamani hanyar samunta ɗaya ce, kuɗin shiga. Babu talabijin, babu tallar kamfani a riga, babu cinikin 'yan wasa irin na yau. Abin da aka tara a ƙofa ranar Asabar shi ne abin da ake da shi.

Kuɗin da ake magana a kai irin wanda iyayenmu suka kashe ne kafin naira ta zo a 1973: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Shiga kallo yakan kama daga taro zuwa sisi. Taro mafi girma da aka gani a Hole-i'-th'-Wall shi ne mutum kusan 10,000, ranar da Preston ta zo a Nuwamban 1884, amma abin da aka saba gani tsakanin 1,000 ne da 2,000. A yi lissafi. Mutum 2,000 a kan taro, fam 25 ke nan. Ko a kan sisi ne, fam 50. In mutum 1,000 ne suka zo, a raba biyu. A ciki za a sallami baƙi, a biya hayar fili, a biya kuɗin jirgin ƙasa ranar da za a je waje, a rage bashin rumfa, sannan a biya albashin mutum goma sha ɗaya da 'yan ko-ta-kwana. Albashi kuwa ba ya jiran rana mai kyau. Ko an yi ruwa, ko baƙi sun fasa zuwa, mako na cika mai haƙƙi zai miƙo hannu.

Sannan ga Rovers a gari ɗaya. Ma'aikaci taronsa guda ne, Asabar ɗinsa guda ce. In zai zaɓa tsakanin masu riƙe da kofi shekara uku a jere, a fili mai kyau, suna karawa da manyan baƙi, da kuma zakarun jiya a kan tudu mai laka, ba sai an tambaye shi ba. Duk mutum ɗari da suka koma Leamington Street, Rovers ta ƙara abin sayen ɗan wasa, Olympic ta rage abin riƙe nata. Ɗan wasa ya tafi, sakamako ya lalace, wasu ɗari su sake tafiya.

Yates fa? Aljihun mutum ɗaya na iya ɗaukar kwanaki a Blackpool, na iya cike giɓi yau da gobe. Albashin mako-mako na shekara da shekaru kuwa rijiya ce, sai da maɓuɓɓuga a ƙasa.

A 1886 kwamitin ƙungiyar ya yanke albashi har ya koma kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Preston ke biya. Manyan 'yan wasa suka kama gabansu, ƙungiyoyi masu hali suka yi caraf suka ɗauke su. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Mutum mai iyali, wanda ya san ƙarfin ƙafarsa na 'yan shekaru ne, kuma rauni ɗaya na iya mai da shi bakin inji ko ƙasa da haka, ba za a ce ya zauna a kan kwata ba alhali ga cikakke a gari na gaba. John Yates, masaƙin da ya buga a Oval, ya bi ta Accrington ya ƙare a Burnley, inda a 1889 ya buga wa Ingila wasa guda ya ci Ireland ƙwallo uku. Jack Hunter kansa a 1887 ya koma Rovers. A shekarar ce kuma Rovers ta ɗauke Jack Southworth, matashin ɗan gaban da ya fito da kansa a rigar Olympic.

Akwai abin da ya kamata a sani game da kuɗin da Olympic ke gasa da shi. Preston ta Sudell ta gagari kowa: a 1887 ta ci Hyde 26 da nema a Kofin FA, a kakar 1888 zuwa 1889 ta ɗauki lig ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta haɗa da Kofin FA ba a zura mata ko ƙwallo ɗaya ba. A 1895 aka ɗaure Sudell shekara uku saboda ya karkatar da fiye da fam 5,000 daga masaƙar da yake wa aiki, kuɗin da aka danganta da ɗawainiyar ƙungiyar. Ma'aunin albashin da ya karya Olympic ke nan, ko wanda ya kafa shi ba daga kuɗin ƙofa kaɗai yake cike shi ba.

Gari ɗaya, ƙungiya ɗaya

Duk da haka Olympic na iya ci gaba da jan ƙafa, da ba don abin da ya faru a 1888 ba.

Kafin wannan shekara, in aka fitar da ƙungiya daga kofi, sauran kakar wasannin sada zumunci ne da sakatarori ke shiryawa ta wasiƙa. Tsari ne maras tabbas. Baƙi su fasa zuwa saboda an sa musu maimaicin wasan kofi, ko sun samu tayin da ya fi, ko su turo yara. Mai biyan albashi kowane mako ba zai iya rayuwa a haka ba. William McGregor, ɗan Sikotlan mai shagon yadi a Birmingham kuma jigo a Aston Villa, ya rubuta wasiƙa ranar 2 ga Maris 1888 yana ba da shawarar manyan ƙungiyoyi goma ko sha biyu su tsara jadawali tabbatacce, gida da waje, kowace kaka. Wasiƙar ta je wa Blackburn Rovers, Bolton Wanderers, Preston da West Bromwich Albion. Ba ta je Hole-i'-th'-Wall ba. Aka zauna a Landan ranar 23 ga Maris, aka sake zama a Manchester ranar 17 ga Afrilu, aka kafa Football League da ƙungiyoyi 12, aka fara wasa ranar 8 ga Satumba.

Ƙa'idar da aka bi ita ce gari ɗaya, ƙungiya ɗaya. Daga Blackburn aka ɗauki Rovers. Ta fuskar kasuwanci ƙa'idar na da hujja, domin masu kafa gasar ba sa son raba 'yan kallon gari biyu. Amma sakamakonta ga Olympic mai muni ne ƙwarai. Ƙungiyoyin da zuwansu ke cika fili, Preston, Bolton, Burnley, Accrington, Everton, duk suna cikin sha biyun, kuma Asabar 22 na kowace kaka sun riga sun ba wa junansu. Abin da ya rage wa Olympic sai ranakun da ba wanda ke so da baƙin da ba wanda zai biya ya gani. Su kuma waɗancan manyan baƙi suna zuwa garin dai, amma filin Rovers suke sauka.

Olympic ta shiga wata gasa da waɗanda aka bari a waje suka kafa, mai suna The Combination. Ƙungiyoyi 20 ne, ciki har da Darwen, Bootle da Newton Heath, amma babu jadawali daga sama, kowa shi zai nemi abokan karawarsa. Cutar da aka gudu ita aka tarar. Wasanni suka yi ta rushewa, a Afrilun 1889 aka naɗe gasar ba a kammala ba. Da aka kafa Football Alliance a madadinta, babu sunan Olympic a cikin sha biyun da suka fara ta.

Tun a farkon 1889 bashi ya kai wa kwamitin wuya, ya sanar da sallamar duk 'yan wasan albashi nan take, ya ce daga yanzu da 'yan sha'awa za a riƙa bugawa. Ihu bayan hari. A ganina, in da akwai lokacin da wannan mataki zai yi amfani, 1886 ne, ranar da aka gane ba za a iya biyan farashin kasuwa ba. Abin da aka zaɓa a lokacin, a biya kwata, ya haɗa musu asara biyu: albashin ya yi kaɗan ya riƙe gwani, ya kuma yi yawa ga abin da ƙofa ke kawowa, shekara uku bashi na taruwa. Amma ina fahimtar abin da ya hana su. Mutanen da suka ga an zaga gari da kofi a keken doki shekara uku da suka wuce, da wuya su zauna su yarda cewa daga yau ƙungiyar unguwa ce su.

Ba Olympic kaɗai wannan zamani ya ci ba. Sunderland Albion, ƙanwa a garin Sunderland, ta rufe a 1892. Bootle, wadda ke zaune a inuwar Everton, ta bi ta a 1893. Accrington, duk da tana cikin sha biyun farko, ta bar lig a 1893 ta mutu a 1896, ƙaramin gari tsakanin Blackburn da Burnley. Newton Heath ma ta kai bakin rami a 1902, sai wani attajiri mai kamfanin giya, John Henry Davies, ya biya bashin aka sauya mata suna zuwa Manchester United. Bambancin shi ne Manchester birni ne da zai iya ciyar da ƙungiya biyu. Ƙa'idar gari ɗaya ma ba ta daɗe ba: a 1892 aka buɗe rukuni na biyu, Nottingham da Sheffield da Manchester kowanne ya samu ƙungiya biyu a cikin lig. Shekara uku kacal bayan Olympic ta rufe ke nan, kodayake ban tsammanin garin mutum 100,000 zai iya ɗaukar nauyin biyu ko da an ba ta wuri.

Wasanta na ƙarshe ta buga shi a gidan Everton, aka doke ta. A Satumban 1889 aka rufe littafi. Wata ƙungiyar akawunan jirgin ƙasa ta garin ta karɓi filin Hole-i'-th'-Wall, daga baya wurin ya shiga harabar makarantar St Mary's College. Bayan wata shida, ranar 29 ga Maris 1890, Blackburn Rovers ta koma Kennington Oval ta doke The Wednesday ta Sheffield da ci 6 da 1 ta ɗauki Kofin FA karo na huɗu. Ɗaya daga cikin ƙwallayen shida Jack Southworth ne ya ci.